DARASIN RAYA KARKARA: IN YA ZAMA DOLE MU SAYAR DA GIDA

Karatu: Farawa 23, Irmiya 32:6-15

Gabatarwa

Duk wanda ya taso daga Kano ya bi hanyar Katsina ya iso Dawanau zai ga dalilin wannan darasi da idonsa. Iyayenmu sun san ƙasar nan da noma. Gona na manne da gona, ba a barin ko taki ɗaya ya huta, jakuna suna kai itace birni su komo da shara da toka domin takin gona. A 1985 aka kafa kasuwar hatsi ta Dawanau a ƙasar Dawakin Tofa. Tun daga nan wurin ya shiga sakewa. Yanzu manyan motoci suna shigowa dare da rana, suna ɗaukar gero da dawa da masara da wake da riɗi da zoɓorodo zuwa kudu, da Nijar, har da ƙasashen ƙetare. Inda ake shuka gyaɗa a dā, sito ne yake tsaye.

Haka ya faru a wasu gefunan Kano. A farkon shekarun 1970 wata Baturiya mai bincike, Polly Hill, ta yi nazarin zaman manoman Ɗorayi, lokacin wurin gonaki ne da gidaje a warwatse. Yau Ɗorayi unguwa ce a cikin birni. Birni yana tafiya, yana kuwa zuwa da masu kuɗi a hannu suna tambayar wa zai sayar.

Mu ba mu zuga kowa ya rabu da gidansa. Nabot ya ƙi sayar wa Sarki Ahab gonar gādonsa, ko da aka yi masa tayin wadda ta fi ta (1 Sarakuna 21). Amma akwai ranar da sayarwa takan zama dole: rabon gādo, ko ciwo mai tsanani, ko ƙaura, ko kuwa gida ya yi wa iyali kaɗan. Sau ɗaya ake sayar da gida. In an yi kuskure, wuyar gyarawa gare shi. Abin da muke so mu koya ke nan a taƙaice: mu gyara abin da muke iyawa, mu faɗi abin da ba mu iya gyarawa ba, mu yi kome a gaban shaidu.

Labarin gida biyu

A cikin yawonmu na ƙauyuka mun san gidaje biyu a unguwa ɗaya, katangarsu ma haɗe take. Masu gidajen duka sun rasu, magada kuma suka yi shawarar sayarwa.

A gida na fari, babban ɗa ne ya ɗauki abin a kansa. Akwai tsaga a katangar baya, ga gara ta cinye azarar ɗaki ɗaya. Sai ya kira magini ya shafe tsagar da siminti, ya shafa farar ƙasa a kai, ya kafa tabarma a ƙarƙashin rufin nan. Bai gaya wa ƙanwarsa mai aure a wani gari ba. Kafin ruwan farko ya karɓi kuɗi. A watan Agusta katangar ta faɗi a kan awakin mai saye. Ana cikin wannan sai ga ƙanwa ta zo da mijinta tana neman rabonta. Magana ta tashi daga wurin mai unguwa ta je gaban dagaci, ta wuce kotu. Kuɗin da ya kamata su zama jari suka ƙare a zirga-zirga, 'yan uwa ɗaya uba ɗaya kuma ba sa gaisawa.

A gida na biyu an ɗauki kusan wata uku ana shiri. Mutane suna ta cewa sun cika nawa. Amma da suka sayar, kowa ya karɓi rabonsa, har yau in sun bi ta unguwar mai gidan yakan shimfiɗa musu tabarma a zauren ubansu. Matakan da suka bi su ne za mu duba yanzu.

1. A fara da iyali

Kafin dillali ya ji, sai kowane mai hakki ya ji. A kira magada duka, maza da mata, na kusa da na nesa. Wanda ba zai iya zuwa ba ya aiko wakili da takarda. Kada a manta da matar marigayi, da marayun ɗan'uwan da ya riga ya rasu. A kira baffa ko kawu ko dattijon ekklesiya ya zauna a tsakiya, domin ƙanana su sami bakin magana.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da ƙa'idar rabon gādo a rubuce, 'ya mace tana da rabonta, matar mamaci tana da nata. Abin kunya ne a ce a gidan Kirista aka fi danne mata. Mu tuna 'ya'yan Zelofehad mata su biyar, waɗanda suka tsaya gaban Musa suka nemi gādon ubansu, Ubangiji kuwa ya ce a ba su (Littafin Ƙidaya 27).

A wannan zama a amsa tambayoyi uku. Ina tsohuwa za ta zauna bayan an sayar? Me za a yi da kuɗin? Akwai wani a cikin dangi da yake so ya saya? In akwai, shi ya kamata a fara yi wa tayi. Haka Hanamel ya yi, ya je wurin Irmiya ɗan baffansa tun kafin ya nemi bare. A shari'ar Musulunci ma akwai abin da ake kira shuf'a, wato wanda kuka yi tarayya a gida yana da hakkin ya riga bare saye.

Tambaya ta biyu tana da nauyi ƙwarai a wannan zamani. Tun daga 2023, da aka janye tallafin mai, darajar naira kuma ta faɗi, mun ga yadda kuɗin da ake riƙe da shi a hannu yake narkewa kamar kitse a rana. Wanda ya sayar bai san inda zai koma ba, bayan 'yan watanni kuɗinsa ba zai sayi irin abin da ya rabu da shi ba. A nemi wurin komawa tukuna, a san kuɗinsa.

2. Takardu da iyaka

Yawancinmu muna cewa, "Ai kowa ya san gidan babanmu ne." Waɗanda suka sani suna tsufa, suna mutuwa. Mai saye daga birni takarda zai tambaya.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana domin jama'a. Abin da muke da shi hakkin zama ne da amfani. Wurin da aka ayyana shi a matsayin birni yana ƙarƙashin Gwamna kai tsaye, na karkara kuwa ƙaramar hukuma ce take ba da hakkin zama irin na gargajiya. Dokar ta ce wanda yake da takardar shaidar mallaka ta Gwamna, wadda muke kira satifiket, ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da yardar Gwamna. Mai hakkin gargajiya kuma sai da amincewar ƙaramar hukuma. Wannan ba maganar wasa ba ce. A 1989 Kotun Ƙoli ta rushe wata jinginar gida da aka yi wa banki saboda ba a nemi wannan yarda ba.

Da yake birni yana matsowa, sai mai gida ya je ofishin ƙasa na ƙaramar hukuma ya tambaya a wane ɓangare gidansa ya faɗa. A Jihar Kano hukumar KANGIS ce take riƙe da bayanan filaye, KNUPDA kuma take lura da tsarin gine-gine. A tambaya ko an shata hanya ko magudanar ruwa ko layin wuta ta kan wurin. In an shata, wajibi ne a gaya wa mai saye.

A tattara duk takardar da ake da ita: ta sayen farko, ta rabon gādo, ta dagaci, da rasit na kowane biya. A yi musu hoto, a ajiye na ainihi a wuri mai kyau. In an jinginar da gidan ko gonar bayansa, a fanso tukuna. In akwai bashin wutar lantarki, a biya. In akwai 'yan haya, a sanar da su da wuri, a ba su lokacin neman wani wuri.

Sa'an nan a zaga iyaka tare da mai unguwa da maƙwabta na kowane gefe. A auna da tef, a rubuta tsawo da faɗi. Fulotin da aka saba yankawa ƙafa 50 ne da ƙafa 100, amma gidajen ƙauye ba su cika zama murabba'i ba, don haka a auna kowane gefe dabam. A kafa dutse ko turken siminti a kowace kusurwa. A yi maganar katangar da aka haɗa da maƙwabci, da rijiyar da gida biyu suke sha, da itatuwa. Sau da yawa ɗorawa ko tsamiya tana cikin gidan wani, amma 'ya'yanta na dangi ne duka.

3. Gyaran gida

Kafin a kashe ko kwabo, a yi tunanin wane irin mutum ne zai saya. A kewayen Dawanau masu saye iri biyu ne. Akwai magidanci mai neman inda zai sa iyalinsa. Akwai kuma ɗan kasuwa mai neman wurin gina sito ko shaguna. Shi wannan rushe gidan zai yi. Abin da yake dubawa shi ne girman fili, da ko babbar mota za ta iya shigowa ta juya, da ko ruwa yana kwanciya. In gidan yana bakin hanya, kusan lalle irin wannan ne zai zo, shara da share iyaka sun isa. In yana cikin unguwa, sai a yi gyara.

Lokacin gyara shi ne rani, bayan an gama kaka, ƙasa tana bushewa da sauri, hannuwa kuma sun huta daga gona. Ga yadda za a bi:

Na fari, ruwa. Shi ne babban abokin gāban gidan ƙasa. A hau soro a cike ramuka, a sake daɓe, a buɗe indararo, a tabbata bakinsa ya fito nesa da bango. In rufin kwano ne, a sake ƙusoshin da suka saki, a canja fallen da ya yi tsatsa. A yashe kwata har ruwan wanka da na sama su sami hanyar fita.

Na biyu, gara. A ƙwanƙwasa kowace azara da ƙotar gatari. Mai lafiya takan yi ƙara mai kauri, wadda aka cinye kuwa sai ta yi kamar ganga. Azarar giginya tana jimre wa gara, shi ya sa kakanninmu suka fi son ta. Wadda ta lalace a cire ta. A bi hanyar garar har gidanta a tone.

Na uku, gindin katanga. Nan ne ruwa yake ci. A cike da ƙasa mai kyau, a yi mata gangara domin ruwa ya gudu. In tsaga ta ratsa bango daga sama har ƙasa, shafe ba ya maganinta. Sai an rushe wurin an sake ɗora tubali.

Na huɗu, yaɓe. Ƙasar da aka cuɗa da ciyawa aka bar ta ta ruɓa ita ce take kama bangon ƙasa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, tana hana ruwa shiga. Siminti a kan bangon ƙasa yana da kyan gani, amma ba su cika riƙe juna ba. Yakan tsage, ruwa ya shiga ta baya ya yi ta cin bango ba a sani ba.

Na biyar, tsabta. Wannan ce ta fi araha, ita ce kuma mai saye yake fara gani. A kwashe takin turke a kai gona. A fitar da fasassun tukwane da tsofaffin buhuna. A share yanar gizo, a shafa farar ƙasa a zaure da ɗakuna, a buɗe tagogi iska ta shiga. A yi wa masai murfi, a riƙa zuba toka. A yi wa rijiya baki da murfi. Ma'aikatan lafiya suna ba da shawara masai ya yi nisan mita 30 daga rijiya. In namu bai kai ba, kuma ba halin tona sabo, wannan yana cikin abin da za a faɗa.

Kada a ci bashi domin yin ado. Fenti mai tsada da tayil ba su cika mayar da kuɗinsu ba.

4. Kuɗin gida da dillali

A bincika nawa aka sayar da gidaje biyu ko uku masu kama da namu a cikin shekarar nan. Kuɗin da aka biya muke nufi, domin abin da mai gida ya sa dabam yake da abin da ya karɓa. Mai unguwa yakan sani, gama a gabansa ake yi. Sa'an nan iyali su tsai da kuɗi biyu: wanda za a faɗa, da wanda ba za a sauka ƙasa da shi ba. Na biyun ya tsaya a tsakanin magada.

Dillali na kirki yana da amfani, ya san masu nema, ya kuma iya baki. A zaɓi wanda aka san gidansa da iyalinsa. A daidaita la'adarsa tun farko a gaban mutum biyu, a kuma san ko daga mai sayarwa zai karɓa, ko daga mai saye, ko duka biyu. A hana shi yin ƙari a kan kuɗin a ɓoye. Kada a ba shi takardun ainihi. Dukanmu mun ga gidajen da aka rubuta wa "Wannan gida ba na sayarwa ba ne" a bango. 'Yan damfara ne suka jawo wannan rubutu, masu sayar da abin da ba nasu ba.

5. Ranar duba gida

A Amurka da Ingila akwai al'adar da mai sayarwa yakan sa rana ɗaya ya buɗe ƙofarsa, duk mai sha'awa ya shigo ya duba. Ba za mu kwaikwaye su duka ba, domin gidanmu yana da zaure, kuma namiji baƙo ba ya wuce shi sai da izini. Amma akwai hikima a sa rana ɗaya. Iyali ba su sha damuwa kullum ba, ana share gida sau ɗaya, masu nema kuma suna ganin juna, kowa ya san ba shi kaɗai ba ne.

A zaɓi rana da kyau. A kauce wa safiyar Lahadi da tsakar ranar Jumma'a. Hantsi ya fi, lokacin haske yana shiga ɗakuna, rana kuma ba ta yi zafi ba. Kada a nuna gida da magariba. A sanar da mai unguwa da maƙwabta kwana biyu ko uku kafin ranar.

Da sassafe a share ƙofar gida da zaure, a yayyafa ruwa ƙura ta kwanta, a shimfiɗa tabarmi, a ajiye ruwan sha mai sanyi. A ɗaure awaki, a kai kare wani wuri. Kuɗi da waya da takardu a kulle su, gama ba duk mai sallama ne ya zo saye ba, wani hanya ya zo gani.

A yi shawara da matan gida tun da wuri. In sun fi so, su tafi maƙwabta, ko su taru a ɗaki ɗaya. Amma ya yi kyau uwargida ta kasance kusa, domin mai saye mai hankali zai zo da matarsa ko 'yar'uwarsa, ita ce za ta duba madafa da makewayi da wurin shanya. Sau da yawa maganarta ce take ƙulla ciniki ko ta warware shi.

Mutum biyu su yi aikin. Ɗaya ya zauna a zaure, ya amsa sallama, ya ba da ruwa, ya rubuta sunan kowane baƙo da lambar wayarsa da wanda ya kawo shi. Ɗayan ya zaga da su, kada su wuce mutum uku a lokaci guda. A fara da waje, a nuna duwatsun iyaka. Sa'an nan zaure, da tsakar gida, da ɗakuna ɗaya bayan ɗaya. A rijiya a jefa guga a gabansu, su ga zurfin, su ɗanɗana ruwan. In mutum yana so ya hau soro, a ba shi tsani. In yana so ya ɗauki hoto, ya nemi izini, kada kuma ya ɗauki mata da yara.

Kada mai gida ya cika surutu. Baƙo zai kushe gidan, wannan halin masu saye ne tun zamanin dā, ba zagi ba ne. A amsa da fara'a. In ya fara tayi a tsakar gida, sai a ce, "Alhaji, mu koma zaure." A rubuta tayin kowa, a yi godiya, a ce za a ba da amsa bayan mako guda. Kada a sallama a ranar, kome daɗin kuɗin, domin sauran magada suna da baki.

6. Faɗin aibi

Nan ne bangaskiyarmu take shan gwaji. Gyara dabam, ɓoyewa dabam. Wanda ya cire ruɓaɓɓiyar azara ya sa sabuwa ya yi gyara. Wanda ya rufe ta da tabarma ya yi ƙarya, ko da bakinsa bai furta kome ba.

A gida na biyu da muka ambata, ƙaramin ɗan ne ya zaga da baƙi. Da suka iso ɗakin kudu sai ya ce, "Baba, wannan ɗakin yana yoyo ta kusurwar nan, mun daɓe shi bana amma ba mu ga damina a kansa ba tukuna. Rijiyar kuma takan ja baya a watan Afrilu." Mutum biyu suka juya suka tafi. Na uku ya rage wani abu a tayinsa, ya saya. Daga baya ya ce abin da ya sa ya yarda da sauran maganarsu ke nan.

Ga abubuwan da bai kamata a ɓoye ba: inda ruwa yake kwanciya da damina, rijiyar da take ƙafewa ko mai ruwan zartsi, tsohuwar rijiya ko masai da aka cike, gardamar iyaka, hanyar da hukuma ta shata, da kabari in akwai shi a cikin gida. A rubuta su cikin takardar ciniki, domin kada a ce gobe ba a faɗa ba. Gaskiya takan rage kuɗi kaɗan. Ƙarya kuwa fure take yi, ba ta 'ya'ya. Mu tuna kuma, mai sayen nan zai zauna a tsakiyar mutanen da suka san mu da sunan Kirista. Abin da ya tarar a bayan farar ƙasa, shi zai faɗa a kanmu.

7. Ciniki da biya

In magada sun yarda da tayi, a sa rana a gaban mai unguwa ko dagaci, da shaidu daga kowane gefe. In za a ba da kafin alƙalami, a rubuta nawa ne, da ranar cikawa, da abin da zai faru in wani ya fasa. In gidan yana da satifiket, ko kuɗin yana da yawa, a nemi lauya ya rubuta takardar, a kuma bi hanyar neman yardar hukuma.

Takardar ta ƙunshi sunayen masu sayarwa duka, da na mai saye, da awon kowane gefe, da maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa, da itatuwa da rijiya, da kuɗin cikin lamba da cikin kalmomi, da ranar tashi. A karanta ta da ƙarfi da Hausa domin wanda bai iya karatu ba ya ji kafin ya dangwala yatsa. Kowane ɓangare ya riƙe tasa.

A biya ta banki. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum ya biya ko ya karɓi tsabar kuɗi fiye da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. Kada a dogara ga saƙon waya kaɗai, akwai na jabu. A je banki a tabbata kuɗin ya shiga, kāna a miƙa takardun ainihi da mabuɗi.

Abin da karatunmu ya nuna

Da Saratu ta rasu a Hebron, Ibrahim ya nemi kogon Makfela daga Efron Bahitte. A ƙofar gari aka yi maganar, a kunnen jama'a. Efron ya yi tayin kyauta, Ibrahim ya ƙi, ya auna masa shekel 400 na azurfa. Marubucin bai manta da kome ba, ya ambaci gonar, da kogon, da itatuwan da suke cikin iyakarta.

Irmiya kuwa yana tsare, sojojin Babila sun kewaye Urushalima, sa'ad da ya sayi gonar Anatot a kan shekel 17. Duk da haka bai yi gaggawa ba. Ya sa hannu, ya kira shaidu, ya auna kuɗi a ma'auni. Takarda biyu aka yi, ɗaya a liƙe, ɗaya a buɗe, ya ba Baruk ya sa su cikin tukunyar ƙasa domin su daɗe. In annabi a kurkuku, a lokacin yaƙi, ya bi waɗannan matakai, mu da muke zaune lafiya ba mu da hujjar tsallake su.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A ƙauyenmu, su wa aka fi mantawa da su in za a sayar da gidan gādo? Me ekklesiya za ta iya yi?
2. Wane bambanci ne tsakanin gyara da ɓoyewa? Ku kawo misalai daga cinikin dabbobi da na hatsi.
3. In faɗin gaskiya zai sa mu rasa mai saye, ga kuma mara lafiya yana jiran kuɗin magani, me za mu yi?
4. Waɗanne dalilai ne ba su isa su sa a sayar da gida ba?

Aikin yi

Ko ba mu da niyyar sayarwa, kafin taro na gaba kowane magidanci ya auna gidansa, ya zaga iyaka da maƙwabtansa, ya tattara takardunsa wuri ɗaya, ya nuna wa matarsa da babban ɗansa ko 'yarsa inda suke. A zo da awon a rubuce.

Addu'a

A yi addu'a domin gwauraye da marayu, domin iyalan da maganar gādo ta raba, domin masu unguwa da dagatai da suke tsayawa shaida, da kuma manoman da birni ya iso bakin gonarsu.